Darasi na 9: Ambaliya, Inshorar Mota da Gardamar Sola a Suleja

Gabatarwa

Wannan darasi na mai mota ne, da mai keke napep, da mai babur, da duk wanda yake tunanin ɗora farantan sola a rufin gidansa. Wanda bai mallaki ko ɗaya ba ma ya zauna a yi da shi, domin kowa a garin nan yana shiga mota, kowa yana kwana ƙarƙashin rufi, kuma gobe ɗansa ko maƙwabcinsa na iya zuwa neman shawara. Za mu karanta tare, mu yi lissafi, sannan kowa ya koma gida ya ciro takardunsa ya duba. Abin da ake so ɗalibi ya tashi da shi guda ɗaya ne: ya san ainihin abin da ya saya da kuɗinsa tun kafin ranar buƙatarsa ta zo.

Garin da ruwansa

Suleja a tsakanin duwatsu da kwaruruka take zaune. Abu Ja ya kafa ta a 1828, kuma da sunansa aka san ta, Abuja, har aka ƙirƙiro babban birnin tarayya a 1976 aka ba shi sunan, ita kuma daga baya aka raɗa mata Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau. Tun da gwamnatin tarayya ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991, jama'a ke kwararowa nan. Ma'aikacin da tsadar haya ta koro daga birni, da wanda rusau ya tasa, da ɗan kasuwa, da leburan gini, duk Suleja da Madalla da Gauraka da Kwamba ne suka karɓe su. Fili ya yi tsada, sai gine-gine suka gangara har bakin Iku da sauran rafuka.

Ruwan da ya sauka a kan dutse ba ya nutsewa, gangarowa yake yi. A da yana samun gonaki da fadama da kurmi su shanye wani, su rage wa saura gudu. Yau kwano yake tararwa da siminti da kwalta, sai ya taru cikin 'yan mintuna ya nufi lambatu da kwalbati. In ya same su cike da leda da robobi da yashi, sai ya bi titi, ya shiga tsakar gida.

A watan Yuli na 2017 an kwana ana tafka ruwa, gari ya waye da ambaliya a unguwanni irin su Checheniya da Bakin Iku da yankin hanyar Kaduna. An rasa rayuka, gidaje sun rushe, ruwa ya ja motoci. A Yulin 2020 aka sake, wannan karon Rafin Sanyi da Unguwar Gwari na cikin inda abin ya fi muni. Sai Mokwa, a wannan jiha tamu, inda ambaliyar ranar 29 ga Mayu, 2025 ta hallaka sama da mutum 150 a Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, tun damina ba ta kankama ba. Allah ya jiƙansu da rahama.

Dattawa suna cewa ruwan yanzu ba irin na da ba ne, kuma masana yanayi sun gaskata su. Iska mai ɗumi ta fi mai sanyi ɗaukar tururin ruwa: duk ƙarin digiri ɗaya na zafi, tana ƙara ɗaukar kimanin kashi 7 cikin ɗari. Duniya kuwa ɗumama take yi saboda hayaƙin kwal da man fetur da gas da kuma sare dazuzzuka, har Hukumar Yanayi ta Duniya ta bayyana 2024 a matsayin shekara mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi. Hadarin da ya sha ya ƙoshi, in ya tashi saukewa lokaci guda yake juyewa. Wani bincike da mujallar kimiyya ta Nature ta wallafa a 2017 ya nuna cewa a yankin Sahel, arewa da mu, hadari mai tsananin ƙarfi ya ninka yawansa sau uku tun daga 1982.

Duk da haka kada mu ɗora wa sauyin yanayi komai. Ba shi ya sayar da fuloti a kan hanyar ruwa ba, ba shi ya juye bola a lambatu ba. Wannan rabon namu ne, kuma shi ne wanda za mu iya gyarawa da hannunmu. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA kuma tana bayyana ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya. Gidajen rediyo suna karanta su da Hausa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Idan ruwa ya tare hanya

Hukumar yanayi ta Amurka tana koya wa direbobi alƙaluma uku da ya kamata mu ma mu haddace. Ruwa mai gudu da zurfinsa ya kai santimita 15 yana kayar da babban mutum. Na santimita 30, wato tsawon rular 'yan makaranta, yana ɗaga ƙaramar mota ya tafi da ita. Na santimita 60 yana jan jif da akori-kura. Ruwan ambaliya kuma ja ne, ba a ganin ƙasansa, ba ka sani ba ko kwalbatin da ka saba bi yana nan ko ya zabtare. Direban da ya ga ruwa ya rufe titi, ya juya ko ya jira. Ruwan Suleja yadda yake saurin tasowa haka yake saurin wucewa, jinkirin awa ɗaya ba ya kashe kowa.

Injin mota iska yake shaƙa ya matse ta a cikin silinda. Ruwa ba ya matsuwa. In ya shiga ta bututun iska, fistin ya taso ya ci karo da shi, sai sandar da ke riƙe da fistin ta lanƙwashe ko ta karye, inji ya buga. Saboda haka motar da ta mutu a cikin ruwa, ko wadda ruwa ya rufe tana ajiye, kada a murza mata makulli don a gwada. Gwajin nan shi ke mayar da gyaran dubbai ya koma na miliyan. A cire kan batir, a tura ta ko a kira janwe. Bakanike zai kwance filogi ya fitar da ruwan, ya duba baƙin mai da man giya, mai wayarin kuma ya busar da wayoyi da ƙwaƙwalwar mota.

Masu shirin sayen mota 'yar Kwatano su riƙe wannan a zuci. Duk lokacin da guguwa ta nutsar da birane a Amurka, kamar yadda guguwar Harvey ta yi wa jihar Texas a 2017, kamfanonin inshora sukan biya masu motocin su yi gwanjon tarkacen, wasu daga ciki kuma su ƙare a Afirka ta Yamma an wanke an goge. A ɗaga kafet a duba busasshen taɓo, a leƙa ƙarƙashin kujera a ga ko akwai tsatsa, a shinshina ko ana jin warin danshi.

Takardar da ke cikin aljihun mota

Inshora ta yi kama da adashi ta fuska ɗaya: mutane da yawa suna zubi a asusu guda. Bambancin shi ne a adashi kowa yana kwasa in layinsa ya zo, a inshora kuwa wanda tsautsayi ya faɗa wa shi ke kwasa, kuma sai irin tsautsayin da aka rubuta a takarda.

Inshorar mota da aka fi sani iri biyu ce. Ta farko ita ce ta ɓangare na uku, wadda doka ta wajabta tun dokar 1945. Kai ne ɓangare na farko, kamfani na biyu, wanda ka yi wa ɓarna shi ne na uku. In ka kaɗe mutum, ko ka daki motar wani, ko ka rushe masa katanga, kamfani zai biya shi a madadinka. Daga ranar 1 ga Janairu, 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗinta ga motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga iyakar diyyar dukiya daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Keke napep naira 5,000 ne da diyya har miliyan 2, babur naira 3,000 da diyya har miliyan 1. Ranar 1 ga Fabrairu, 2025 'yan sanda suka fara tsananta binciken takardar a kan hanya. A watan Agusta na shekarar Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar da ta tattara tsofaffin dokokin inshora wuri guda, wajabcin kuma yana nan.

Wannan inshora ba ta biyan ko kwabo a kan motarka. In ruwa ya ja ta, ko bishiya ta faɗo mata, ko iska ta yaye kwanon wani ya fasa gilashinta, ko ta ƙone, ko an sace, asarar taka ce kai kaɗai. Mutane da yawa ba su san haka ba sai ranar da suka je ofis da hawaye aka karanta musu takardar da suka shekara suna yawo da ita. Kamfanin bai cuce su ba a nan. Abin da suka saya ke nan, ba a dai bayyana musu ba, su ma ba su tambaya ba.

Akwai cuta ta gaske kuma, ita ce takardar jabu. 'Yan cuwa-cuwa da ke zagaye wuraren sabunta takardun mota sukan buga takarda mai tambari su sayar da araha, alhali babu kamfanin da ya san da ita. Ranar haɗari mai motar zai biya daga aljihunsa, ga kuma laifin doka. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta ƙasa tana da rumbun bayanai da ake kira NIID. Ana danna *565*11# a waya a shigar da lambar mota, ko a duba ta intanet. In sunan kamfani da ranar ƙarewa ba su fito ba, a koma wurin wanda ya sayar tun da wuri.

Iri na biyu ita ce cikakkiyar inshora. Ta haɗa duk abin da ta farko ke yi, ta ƙara da gyaran motarka in ta yi haɗari, da gobara, da sata. NAICOM ta ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar motar. Mu ɗauka motarka ta naira miliyan 6 ce: kashi 5 cikin ɗari shi ne 300,000 a shekara, kamar 25,000 kowane wata. Kuɗi ne masu nauyi, ba kowa zai iya ba. Amma ko wanda ya iya, sunan kada ya ruɗe shi. A takardun kamfanoni da dama ambaliya da guguwa suna cikin abubuwan da aka keɓe, sai mutum ya nemi a ƙara masa su ya biya ɗan ƙari. Wasu kamfanonin kuma sun haɗa su tun farko. Mazaunin Suleja da zai sayi cikakkiyar inshora, tambayarsa ta farko ita ce: "Ranka ya daɗe, in ruwa ya ci motar nan za ku biya? A nuna mini layin da aka rubuta." Maganar baki ta wakili ba ta tsayawa ranar neman diyya, rubutu ke tsayawa.

Sauran tarkon guda uku ne, kuma na farkon ya fi shafar garin nan. Tun da aka cire tallafin mai, ma'aikata da yawa suna ɗaukar fasinja daga Suleja zuwa Zuba da Kubwa da cikin birni don su rage kuɗin mai. Babu mai ganin laifinsu. Sai dai in takardar ta ce motar ta amfanin gida ce, aka yi haɗari tana ɗauke da fasinjan kuɗi, kamfani yana da hujjar ƙin biya. Mai kabu-kabu ya faɗi gaskiya tun ranar saye, a ba shi takardar da ta dace da sana'arsa. Haka kuma lasin tuƙi da ya ƙare, ko ba da mota ga yaron da ba shi da lasin, na iya rushe diyya.

Na biyu shi ne rage darajar mota don a biya kuɗi kaɗan, ko barin tsohon farashi shekara da shekaru alhali tun faɗuwar naira a 2023 motoci sun yi tashin gwauron zabi. Mu ɗauka an rubuta mota a kan naira miliyan 4, amma ranar ambaliya darajarta miliyan 8 ce, gyara kuma ya kama miliyan 1. In akwai sharaɗin daidaitawa a takardar, kamfani zai ce rabin motar ka yi wa inshora, don haka rabin gyara zai biya, wato 500,000. Na uku shi ne kason da mai mota ke ɗauka da kansa a kowace asara. In an rubuta 50,000, za a cire shi, abin da zai shigo hannunka ya zama 450,000.

Yadda ake neman diyya

Rai ne farko. Bayan an tsira, a ɗauki hotuna da bidiyo da waya tun motar tana inda ruwa ya bar ta, lambarta ta fito, shaidar inda ruwa ya kai a jikinta ta fito. A sanar da kamfani ko dillalin inshora a ranar ko washegari, kuma a rubuce, ko da saƙon waya ne, domin kowace takarda tana da wa'adin sanarwa. Kada a fara gyara sai injiniyan kamfani ya zo ya gani da idonsa. Wanda ya yi gaggawar kai mota gareji aka kwance ta, ya share hujjarsa da hannunsa. Za a ba ka fom ka cike, a nemi takardun mota da lasin direba da ƙiyasin gyara daga bakanike, wani lokaci da rahoton 'yan sanda. Ka riƙe kwafin duk abin da ka miƙa, ka rubuta ranar da sunan wanda ya karɓa.

In kamfani ya amince, zai kawo takardar sallama mai ɗauke da adadin da zai biya. Sa hannu a kanta yana nufin ka yarda, magana ta ƙare. Ka karanta, ko ka sa wanda ka amince da shi ya karanta maka, kafin ka dangwala. In an ƙi biya, ka nemi dalili a rubuce. In ba ka gamsu ba, NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi a Abuja, mutumin Suleja zai je ya dawo a rana guda, bayan nan kuma akwai kotu. Yawancin masu haƙƙi ba kayar da su ake yi ba, gajiya suke yi su ce sun bar wa Allah. Haƙuri abu ne mai kyau, amma neman haƙƙi ba ya kore shi.

Da yawa daga cikinmu suna ƙyamar inshora saboda addini, kuma damuwarsu tana da tushe. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yi fatawa a 1985 cewa inshorar kasuwanci tana ɗauke da garari, wato rashin tabbas, ta kuma halatta ta taimakon juna. Wannan ita ce takaful, wadda aka fara a Sudan a 1979. A tsarinta zubin da ka yi kyauta ce ga asusun mahalarta, kamfani wakili ne mai karɓar ladan aiki, ba a juya kuɗin a harkar riba, in an samu rara kuma ana raba wa waɗanda ba su nemi diyya ba. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinta a 2013, kuma yau akwai kamfanoni masu lasin irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful. Takardarsu ta mota tana cika sharaɗin doka. Sai dai ita ma takarda ce mai sharuɗɗa, tambayar ambaliya tana nan daram.

Shawarar wannan littafi ga mai tsohuwar mota da ba zai iya cikakkiyar inshora ba: ya sayi ta ɓangare na uku ta gaskiya, ya san cewa ba ta kare shi daga ruwa, sannan daga Yuni zuwa Oktoba ya nemi tudu ya riƙa kwanar da motarsa, ko da zai ba mai gadi wani abu.

Gardamar sola

Jihar Neja ce ke da madatsun lantarki na Kainji da Shiroro da Zungeru, ga Jebba a kan iyakarta da Kwara. Kainji ta fara aiki a 1968, Shiroro a 1990, Zungeru mai megawat 700 ita ce auta. Shi ya sa wasu ke cewa abin kunya ne a ce mutumin Neja ya ci bashi ya sayi sola, kamata ya yi a matsa wa gwamnati da kamfanin AEDC su kawo wuta. Suna da gaskiya, kuma kada a daina matsawa. Amma wutar madatsa babban layin ƙasa take shiga a raba, kuma zafin Maris da Afrilu ba ya jiran a gyara taransifoma. Kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023 litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba, a ƙarshen 2024 ta haura 1,000. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa naira 225 kowane yunit. Wannan ne ya cika rufin gidaje da shaguna da farantai.

Wasu kuma suna cewa sola ta masu kuɗi ce. Mu gwada da lissafi. Mai janareta da ke ƙona lita 2 a rana, in lita naira 900 ce, yana kashe 1,800 kullum, 54,000 a wata, 648,000 a shekara, ban da baƙin mai da gyara. Yana biyan kuɗin sola ne kaɗan-kaɗan ba tare da ya mallake ta ba. Matsalar talaka ita ce kuɗin sola a dunƙule ake nemansu, shi ya sa biya a hankali da asusun ƙungiyoyi suke da muhimmanci. Ga kuma hayaƙin janareta da ya sha kashe iyali guda a dare ɗaya in an kunna shi a cikin gida ko a baranda.

Ƙorafi mafi ƙarfi shi ne na waɗanda suka saya suka yi nadama: wata shida batir ya mutu. Dalili kan kasance ɗaya daga biyu, ko kayan jabu, ko an ɗora wa ƙaramin tsari kayan da suka fi ƙarfinsa. Kowa na iya auna buƙatarsa. Ƙwan fitila 4 masu wat 10 na awa 6 sun ci 240. Fanka mai wat 60 ta awa 8 ta ci 480. Talabijin mai wat 50 na awa 4 ya ci 200. Cajin wayoyi a ce 80. Jimla 1,000, wato yunit ɗaya a rana. Faranti mai wat 300 da ya samu rana mai ƙarfi ta awa 4 da rabi zai ba da 1,350, in an cire kimanin kashi ɗaya cikin huɗu da ke salwanta a waya da inbata da batir, saura wajen 1,000. Ya yi daidai, babu rara. Dutsen guga mai wat 1,000 zai cinye duk wannan cikin awa ɗaya. A watan Agusta mai lumshi, da lokacin hunturu da ƙura ke lulluɓe faranti, abin da ake samu yana raguwa, sai an riƙa gogewa. Tsananin zafi ma rage wa faranti ƙarfi yake yi, domin haske yake buƙata ba zafi ba.

Batir mai ruwa ya fi araha amma 'yan shekaru yake yi, na litiyam ya fi tsada ya fi daɗewa. Mai ruwan yana ɗauke da dalma. Mutanen Neja sun san dalma: a 2015 gubarta, daga haƙar zinariya, ta kashe yara a ƙaramar hukumar Rafi. Mataccen batir kada a fasa shi a gida, kada a bar yara su yi wasa da shi, a mayar wa dillali.

Gardamar ta kai har sama. A 2025 an yi ta ce-ce-ku-ce kan ware kimanin naira biliyan 10 don sa sola a fadar shugaban ƙasa, jama'a na cewa in fadar ma ta guji layin ƙasa, wa aka bar wa shi. A shekarar ne kuma wani minista ya kawo batun hana shigo da farantai don a ƙarfafa masana'antun gida. Burin yana da kyau, amma rufe ƙofa kafin na gida su wadata zai tsadar da kaya ne a kan mai shagon aski da mai sayar da ƙanƙara. Abin da ya fi gaggawa shi ne a kori jabu daga kasuwa. A karkara kuwa an riga an ga amfani: a Disambar 2019 aka buɗe ƙaramar tashar sola a ƙauyen Rokota, ƙaramar hukumar Edati, ita ce ta farko a shirin samar da lantarki da Bankin Duniya ya tallafa.

Farantin da ke rufin gidanka ba zai hana Iku cika ba. Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin da ke ɗumama duniya, babban nauyin yana wuyan manyan ƙasashe. Dalilin sola a Suleja shi ne aljihu, da lafiyar huhu, da barcin yara a daren bazara. Faranti ba ya ƙara wa unguwa zafi, ba ya kuma jawo tsawa fiye da kwanon da yake kai, amma dole a haɗa masa wayar da ke sauke wuta cikin ƙasa.

Iskar farkon damina ita ce jarrabawar mai haɗa sola. Farantin da aka ɗaure da waya ko aka danne da bulo zai tashi, wani lokaci har da kwanon. In ya sauka a kan motar maƙwabci, inshorar ɓangare na uku ta maƙwabcin ba za ta biya ba, taka ta mota ma ba ruwanta, domin ba mota ce ta yi ɓarnar ba. Maganar za ta dawo kan mai gida, a gaban mai unguwa ko alƙali. Kafin a biya mai haɗawa, a ga ƙarfen da ya kafa da kusoshin da ya ɗaure a jikin katakon rufi, a karɓi rasit da takardar garanti, batir da inbata kuma a ɗora su sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa a gidan. Mai inshorar gida ko shago ya sanar da kamfaninsa cewa ya ƙara sola, a rubuta ta cikin kayan da aka kare.

Tambayoyi

1. Kawo dalilai biyu da suka shafi gari da ɗaya da ya shafi yanayi da ke jawo ambaliya a Suleja.
2. Me ya sa ba a tayar da motar da ruwa ya rufe?
3. Ruwa ya ja motar wani mai inshorar ɓangare na uku. Nawa kamfani zai biya shi, kuma me ya sa?
4. Darajar mota naira miliyan 9 ce. Nawa ne mafi ƙarancin kuɗin cikakkiyar inshorarta a shekara?
5. An rubuta mota a kan miliyan 3, darajarta miliyan 6, gyara ya kama 800,000, kason mai mota 40,000. Nawa zai karɓa in akwai sharaɗin daidaitawa?

Tattaunawa a aji

Ku rabu gida biyu. Ɓangare ɗaya ya kare ra'ayin cewa unguwa ta haɗa kuɗi ta gyara taransifoma, ɗayan ya kare cewa kowa ya sayi ƙaramar sola. Kowane ɓangare ya zo da lissafinsa a rubuce.

Aikin gida

Mai abin hawa ya duba lambarsa a rumbun NIID, ya rubuta sunan kamfani da ranar ƙarewa, ya kuma nemo layin da ya yi maganar ambaliya a takardarsa. Wanda ba shi da abin hawa ya lissafa kayan wutar gidansa da wat ɗinsu da awannin da suke aiki, ya fitar da jimlar rana guda. Kowa ya zagaya unguwarsu ya ƙirga kwalbatin da suka toshe, ya zo da sunan wuraren mako mai zuwa, za mu rubuta wa mai unguwa da kansila wasiƙa tare a aji.